Ana Saura Minti Tara a Rufe Canji

Salamu alaikum mutanena. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto min wai ko aure ne ya ɓoye ni. 'Yar'uwa, gyara zama. Yau ba na son kowa ya lallashe ni, zagin ma in kun ga ya dace ku yi, don ni kaina tun ranar Asabar nake zagin kaina.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Nabilah. Ina aiki a wani kantin magani a Gwarinpa, kuma a nan unguwar nake zaune tare da iyayena. Shekara biyu ke nan muna tare da Zakiyyu, injiniya ne mai duba aikin haƙa rijiyoyin burtsatse. A watan jiya Abba ya kira ni falo ya ce shi ba zai ga shekara ta uku ana faka mota a ƙofar gidansa ba, ko yaro ya turo manya ko ya ba wasu wuri. Zakiyyu bai yi gardama ba. Aka tsayar da Asabar ɗin da ta wuce, ƙarfe goma sha biyu na rana, kawunansa za su taso daga Karu su zo gaisuwa.

To ina ƙwallo ta shigo cikin wannan? Ku bari in yi muku bayani, don na san wasunku ko bugun kusurwa ba ku sani ba. Akwai wani wasa da muke yi a waya, fantasi. Kowa zai zaɓi 'yan ƙwallo goma sha biyar daga gasar Ingila, abin da suka yi a fili shi ne makinka. Kowane mako akwai lokacin da ake rufe canji, da ya wuce ko kuka kake ba ka isa ka taɓa ƙungiyarka ba. Canji ɗaya kyauta ne, duk wanda ka ƙara a kai za a zare maka maki huɗu. Kyaftin ɗinka makinsa ninki biyu ne, sannan akwai wani kati da in ka buga shi zai zama ninki uku, amma da ka buga ya ƙone.

Mu goma sha biyu ne a rukuninmu, yawanci tun sansanin bautar ƙasa na Kubwa muka san juna. Shugabanmu Bernard, mutumin Jos, shi ya sayo mana wani kofin gwangwani a kasuwar Wuse, hannunsa ɗaya ma ya karye. A kan wannan gwangwanin ƙarti masu digiri suke gaba da juna. Shekara uku a jere Zakiyyu yana zuwa na biyu. Bana kuwa tun watan Janairu yake sama, kuma wadda ke bin bayansa ni ce.

Ranar Juma'a da yamma ina wajen tela ana rage min hannun riga, sai ga rahoton Bernard ya faɗo guruf ɗinmu na hira a waya. A wurinmu ba a kiran ɗan wasa da sunansa na gaskiya, duk Bernard ya raɗa musu nasa.

“Jama'a, sati na talatin da bakwai, saura biyu mu tashi kasuwa. Na ɗaya oga Zak, 2,214. Na biyu madam Nabilah, 2,195, tazara sha tara, gida bai ƙoshi ba. Na uku Suwaiba. Ni ina na biyar kuma ba na son tambaya. Na ƙarshe Thaddeus, wanda har yau yana riƙe da golan da ya yi retire, a sa shi a addu'a. Injury news: Gilas ya sake fashewa, cinya ce, season ɗinsa ya ƙare, duk mai shi ya sayar. Tela an ba shi jan kati, ba zai buga ba. Doki kuwa lafiyarsa lau, wasa biyu gare shi wannan sati, kuma oga Zak ya ajiye triple captain ɗinsa tun January saboda wannan rana. In Doki ya ci ko ɗaya ne, a kai kofi Karu kawai. Lastly, Zak da Suwaiba, players sha uku cikin sha biyar iri ɗaya. Wa ke kwafan wa?”

Na yi dariya har tela ta ce in tsaya kar allura ta soke ni. Ban gama dariyar ba Suwaiba ta amsa.

“Ni da oga Zak ai kanmu ɗaya ne bana.”

Har da ɗan hoton nan mai rufe ido yana murmushi. Zakiyyu kuma ya manna mata alamar wuta.

Suwaiba bana ta shigo cikinmu, abokiyar aikin Bernard ce a banki. Doguwa ce, ta iya ɗaurin ɗankwali, kuma ba ta taɓa yi min komai ba, wannan dole in faɗa. Amma “kanmu ɗaya” ɗin nan ya tsaya min a wuya. Na kira Zakiyyu a hanyar gida, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Dama ban da ta ranar, Juma'a uku ke nan a jere yana zuwa wani ƙauye a bayan Abaji duba aiki, kuma ya riga ya gaya min can babu sabis, kar in wahalar da kaina. Bayan isha'i ya turo, “Yanzu na shigo gari, na gaji. Gobe ranarmu ce.” Na amsa da “Allah ya kai mu” na kife wayar.

Asabar tun da sassafe gidanmu ya koma kamar gidan biki. Momi ta sa an fito da kulolin da ba a taɓa su sai da sallah, ana suyar kaji a baya, ga kunun aya da zoɓo an jera a firji, ga turaren wuta ya cika falo har Abba yana tari yana cewa baƙi aka ce za su zo ba aljanu ba. Na sa sabuwar atamfata ruwan zuma, na ɗaura ɗankwali sau huɗu ina kwancewa. Na shiga kicin in taimaka, Momi ta kore ni.

“Fita min daga nan kar ki yi warin mai. Ki zauna a ɗaki, yau ba a ganin ki.”

“Momi ai ba ni za su gani ba.”

“Shi ya sa na ce ki zauna a ɗaki. Ke komai sai kin yi musu?”

Da ta bar ni na yanka kabeji, da yanzu ba na rubuta muku wannan. Na zauna a bakin gado, na tashi, na leƙa taga, na dawo. Na buɗe manhajar fantasi don in duba tawa ƙungiyar kafin a rufe canji ƙarfe goma sha ɗaya. Na gama nawa cikin minti biyu. Daga nan yatsana ya zarce inda bai kamata ba.

A wasan nan akwai shafin da ke nuna tarihin canjin kowa na makonnin baya, da rana, da awa, har da minti. Na buɗe na Zakiyyu. Juma'ar makon jiya, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu, ya sayar da mai tsaron baya ya sayi wani. Na buɗe na Suwaiba. Juma'a, huɗu da minti goma sha uku, mutum ɗaya ta sayar, mutum ɗaya ta saya. Na koma makon da ya gabace shi: shi biyu da arba'in, ita biyu da arba'in da ɗaya. Na ƙara komawa baya: minti ɗaya ne ma, ko tazara babu.

Juma'a uku. Duk ranakun da aka ce min ana ƙauyen da babu sabis.

Ku gaya min tsakani da Allah, me za ku ɗauka? Ni dai abin da idona ya hango min shi ne su biyu a wani wurin shan shayi a Wuse, kai a haɗe, waya kusa da waya, tana cewa “wa za mu saya?” yana murmushin nan nasa na gefen baki. Ni kuma ina kanti ina ƙirga wa mutane ƙwayoyin zazzaɓi ina tausaya masa yana cikin rana a daji. Kishi ya kama ni irin wanda ban san ina da shi ba.

Na kira shi. Ba a ɗauka ba. Na sake kira. Saƙo ya shigo: “Ina tuƙi, su Kawu suna bina a baya. Ya amarya?”

Amarya. Na kalli agogo, goma da minti hamsin da ɗaya.

A watan Disamba ya taɓa ba ni lambar sirrinsa, ranar da tafiya ta kama shi ya roƙe ni in canza masa kyaftin. Ban taɓa komawa ba, wallahi ban taɓa ba, ko da muke tsere ni da shi. Ranar nan shaiɗan ya buga min ganga na taka. Na fita daga tawa na shiga tasa. Bai canza lambar ba.

Ga ƙungiyarsa a shirye tsaf, Doki a gaba da kambun kyaftin, an riga an kunna katin ninki uku. Na sayar da Doki na sayi Gilas mai karyayyar cinya, na ɗaura masa kambun. Na san in kyaftin bai buga ba mataimakinsa ke gadar makin, don haka na sayo Tela mai jan kati na ba shi mataimaki. Kun ga ba a cikin hauka na yi ba, da lissafina. Ban tsaya nan ba, na bi masu tsaron bayansa da golansa na watsar. Canji shida. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata, za a zare maki ashirin. Na danna e.

Na ajiye wayar a kan gado ina haki kamar wadda ta hau bene da gudu. Daɗin da na ji bai kai minti ɗaya ba. Ina kallon agogon bango har ya buga sha ɗaya, ban motsa ba.

Ana haka Perpetual ta turo ƙofa. Ita ce aminiyata tun sansani, 'yar Kafanchan, ita ma tana cikin rukunin, ta zo taya Momi hidima. Ta shigo da cinyar kaza a hannu tana rawa.

“Amarya! Kai, wannan atamfa ya yi kyau. Me ya same ka, fuskanka kamar an yi mutuwa?”

Na miƙa mata wayata na nuna mata shafukan biyu. Ta duba, ta ɗago, ta sake dubawa.

“So?”

“Kamar ya so? Ba ki ga lokacin ba? Minti ɗaya tsakaninsu, Juma'a uku!”

Ta ajiye kazar a kan madubina, ta goge hannu a zaninta, ta karɓi wayar. Ta danna ta danna, sannan ta juyo min da ita.

“Wannan na waye?”

“Na Bernard.”

“Karanta time.”

Huɗu da minti goma sha biyu. Mutumin da Zakiyyu ya sayar, shi ya sayar.

Ta sake dannawa. “Wannan nawa ne. Huɗu da sha huɗu. Nabi, ranar Friday ne coach ke yin press conference. Da ya ce player ya ji ciwo alert yana shigo ma kowa, kowa yana gudu ya sayar kafin price ya faɗi. Mu bakwai muka yi transfer ɗin nan cikin minti biyar. Duk budurwan Zak ne mu? Har Bernard?”

Ni ba na kunna wannan sanarwar, don a kanti ba a barin mu da waya, sai dare nake nawa canjin. Mutum goma sha biyu ne a teburin makinmu, na buɗe na biyu kawai na yanke hukunci.

“Perpetual,” na ce, “na yi wani abu.”

Da na gama gaya mata, ta zauna a ƙasa dirshan ta ɗora hannu biyu a ka.

“Jesus. Ka sayar da Doki? Da triple captain a kai?”

“Ba za a iya mayarwa ba?”

“Ka fi ni sani! Deadline ya wuce. Nabi, three years mutumin nan yana zuwa second. Kuma ka san abin da ya fi muni? Tazaranku sha tara ne, ka cire masa ashirin. Yanzu kai ne first. Ba wanda zai ce kishi ne, kowa zai ce don kofi ka yi.”

Wannan ko kaɗan bai zo min a rai ba sai da ta faɗa. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ni ma da taurin kai, ina share hawaye ina neman inda zan riƙe.

“To na ji, ba ya tare da ita. Amma ya ce min babu sabis. Sabis ɗin da ya isa a sayi ɗan ƙwallo bai isa a ɗauki kirana ba?”

Ta girgiza kai. “Wannan kam ban sani ba. Amma da tambaya ake farawa, ba da ƙona gida ba.”

Momi ta leƙo, ta ga idona ja, ta yi dariya. “Tun yanzu? Gaisuwa ce fa kawai, ba yau za a kai ki ba. Perpetual, zo ki jera min kofuna.” Ta fita tana cewa yaran yanzu ba a gane musu.

Bayan an rufe canji manhajar takan ɗauki ɗan lokaci kafin ta buɗe ƙungiyar kowa ga kowa. Minti arba'in ɗin nan ban san yadda na yi su ba. Na rubuta masa saƙo na goge ya fi sau goma. “Zak, akwai maganar da” na goge. “Don Allah kar ka buɗe” na goge. Na yi alwala ban san sallar da zan yi ba. Na kwance ɗankwali na sake ɗaurawa, ya karkace, na bar shi haka.

Sha biyu saura kwata wayar ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Bernard ne ya fara, da hoton ƙungiyar Zakiyyu.

“OGA ZAK!!! Wane irin abu ne wannan? Gilas captain? Tela vice? Minus twenty?”

Thaddeus ya ce, “Ko ni ba zan yi wannan ba.”

Suwaiba ta ce, “Innalillahi. An yi hacking ɗinsa ne, wallahi ba shi ba ne.”

Bernard ya dawo: “Transfer shida, duk 10:51 zuwa 10:54. Zak, wa ke da password ɗinka? In wani ne a cikinmu, dokar league a fili take, kora ce har abada. Sabon tebur kafin a buga ball: Nabilah 2,195, Zak 2,194.”

Na san kowa ya kalli lambobin nan biyu ya kalli sunana. Ina gani a sama an rubuta Zakiyyu yana rubutu, ya tsaya, ya ci gaba, ya tsaya. Sai amsarsa ta shigo.

“Ni na yi. Babu wanda ya taɓa min ƙungiya. Na yi wani lissafi ne bai fita ba. Chairman a bar maganar.”

Da zagina ya yi a gaban kowa da ya fi min sauƙi. Ƙarfe goma da hamsin da ɗaya yana kan titi da sitiyari a hannu, ya sani, na sani. Na kifa fuskata a filo na yi kuka na gaske.

Sai ga nasa saƙon, ni kaɗai.

“Su Kawu Hammawa suna cikin motarsu a ƙofar gidanku. Na ce su ɗan jira ni. Ina ƙofar baya wajen tankin ruwa.”

Na zari mayafi na bi ta bayan kicin, na wuce masu suya kaina a ƙasa. Yana tsaye jikin katanga cikin farar shadda da hula zanna, ya yi kyau har abin ya ƙara min ciwo. Bai ɗaga murya ba. Zakiyyu ba ya ɗaga murya, shi ya sa faɗa da shi ke da wuya.

“Ke ce?”

“Ni ce.”

“Don kofin?”

“Wallahi ba don shi ba. Na ga lokacin canjinka da na Suwaiba, na ɗauka kuna tare. Perpetual ta nuna min kuskurena bayan na riga na yi. Ka yi haƙuri, Zak. Ban da abin cewa.”

Ya kalli ƙasa. “Kofin ya yi min zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba shi ne ya tsayar da ni a nan ba. Na ba ki lambar nan ne don ban taɓa tunanin sai na canza ta ba. Yau zargi kika yi, cikin minti uku kika rushe abin da na yi wata tara ina ginawa, ko tambaya babu. Gobe in muna gida ɗaya kika yi zargi, me za ki rushe? Ki gaya min, Nabilah. In ce su shiga, ko in mayar da su Karu?”

Ya kamata in yi shiru, na sani. Amma abin yana cina, kuma na ga in ban tambaya yanzu ba, zan shiga gidansa da shi a ciki.

“Na kira ka sau biyu kafin in yi. Kuma ni ma ina da tawa tambayar. Juma'a uku kana ce min babu sabis a Abaji. Da wane sabis ka yi canjin?”

Ya ɗago ya kalle ni.

Kafin ya yi magana muka ji ƙarar babban ƙyaure daga gaba, da muryar Abba cike da fara'a. Ashe ya leƙo ya hango baƙi zaune a mota.

“A'a, Alhaji! Ku da gidanku kuke zaune a waje? Bismillah, ku shigo, ku shigo. Sannunku da hanya.”

Muna ji aka buɗe ƙofofin mota, aka rufe, takalma suka nufi falo. Momi ta rangaɗa guɗa daga kicin. Babu wanda ya jira amsata, babu wanda ya jira tasa.

Zakiyyu ya cire hularsa ya share goshi, ya matso kaɗan yadda masu suya ba za su ji ba.

“Nabilah,” ya ce, “duk Juma'a ukun nan, ban je Abaji ba.”